Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Abuja Kan Lambunan Birni Da Takardar Izini

Mai girma Ministan Babban Birnin Tarayya, Barista Nyesom Wike,

 Na san teburinka cike yake da fayil-fayil na tituna da gadoji da rigingimun filaye, kuma duk mai bin hanyoyin birnin nan tun watan Agustan 2023 da ka kama aiki ya ga kwalta ta ƙaru. Abin da ya kawo ni ƙarami ne in aka gwada shi da gadar sama, ba ya ma buƙatar ɗan kwangila. Magana ce ta lambunan shaƙatawa na Abuja, da tambayoyin da magidanci yake yi wa kansa kafin ya kwashi iyalinsa zuwa can: me aka yarda in yi, me aka hana, wa zan tambaya, nawa zan biya?

A yau amsar tana bakin maigadi. A wannan lambu a ce maka shiga kyauta ce amma ba a shigowa da abinci daga waje. A na gaba a ce shigo da kularka, sai dai ka biya kuɗin shimfiɗa tabarma. A wani kuma ka shiga lami lafiya, kana ciro kyamara wani ya ɓullo daga bayan bishiya ya ce sai ka ga manaja. Farashin yakan bi irin shigar da ka yi da irin motar da ta sauke ka. Rasit kuwa, in ka nema, kallon mai neman fitina za a yi maka. Ba na ɗora wa masu gadin laifin duka. Mutumin da aka ajiye a ƙofa da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, ba a ba shi ko takarda ɗaya da zai nuna ba, dole ya ƙago dokarsa, kuma da wuya mutum ya ƙago dokar da za ta cuci aljihunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce rashin rubutacciyar ƙa'ida a inda talaka zai gan ta, ya karanta, ya ce ga abin da hukuma ta faɗa.

Waɗanda suka zana birnin nan sun ba fili muhimmanci. Bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar Abuja a 1979. A cikinta da gangan aka bar bakin rafuka da gindin duwatsu da tsakanin unguwanni babu gini: wani wurin don ruwan sama ya sami hanyar wucewa, wani don gari ya sha iska, wani don mutum ya sami inda zai zauna ba tare da ya sayi komai ba. Gwamnati ta tare a nan ranar 12 ga Disamba, 1991. Ranar 4 ga Disamba, 2003 kuma, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe Millennium Park a Maitama, lokacin da ta zo taron ƙasashe rainon Ingila. Hekta 32 ne, wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi, rafi ya ratsa ta tsakiyarsa. Duk wanda ya leƙa wurin ranar yawon Sallah ko washegarin Kirsimeti ya san irin ƙishirwar fili da ke damun mutanen garin nan. Za ka ga iyalin da suka taso tun daga Kubwa ko Nyanya, sun hau mota biyu ko uku, don kawai yaro ya yi gudu a kan ciyawa babu fargabar babur.

To amma Millennium ɗaya ne. Galibin ƙananan lambunan Wuse da Garki da Utako da Gwarinpa an damƙa su ne a hannun 'yan kasuwa, bisa fahimtar cewa za su shuka itatuwa, su kula da ciyawa, su ɗan yi sana'a a gefe don su mayar da kuɗinsu. Tunanin ba shi da aibu, domin gwamnati ba za ta iya ban ruwa ga kowace fulawa ba. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Sana'ar gefe ta cinye lambun. Inda aka ce ciyawa an zuba siminti, inda aka ce lilon yara an jera kujerun roba, an kafa murhun gasa kifi da babbar talabijin ta kallon ƙwallo, an zagaye da katanga. Har ta kai a Abuja in mutum ya ce zai je lambu da daddare, ba wanda zai zaci kallon itatuwa zai kai shi.

Ministan da ka gada, Malam Muhammad Musa Bello, a zamaninsa an sanar cewa a riƙa rufe lambuna da ƙarfe 7 na yamma. Na fahimci dalili: ƙarar kiɗa a cikin unguwanni, shaye-shaye, da ɓata-garin da ke fakewa da duhu. Sai dai wannan doka ta haɗa mai laifi da marar laifi ta yi musu kuɗin goro. Ma'aikacin da ya tashi ofis ƙarfe 4 ko 5, ya sha cunkoso, ya yi sallar magariba, yaushe zai shiga lambun da za a kulle ƙarfe 7? A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutane daga ɗaki, bayan faɗuwar rana ne ma ake neman inda za a zauna. Mai mashaya da ke da hanya ya ci gaba da harkarsa, kamar yadda duk mai wucewa da dare yake gani, mai tabarma da 'ya'yansa ne suka koma gida. In matsalar ƙara ce, a yi dokar ƙara. In duhu ne, a sa fitilu. Central Park na birnin New York, mai faɗin eka 843 a tsakiyar garin da bai rasa ɓarayi ba, daga ƙarfe 6 na safe ake buɗe shi har ƙarfe 1 na dare.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yawan masu iko. Akwai Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa a ƙarƙashin hukumar kula da birni ta AMMC. Akwai Sashen Kula da Gine-gine mai riƙe da motar rusau. Akwai hukumar tsaftar muhalli ta AEPB mai korar 'yan talla. Akwai ƙaramar hukumar birni ta AMAC da masu karɓar harajinta, sannan ga 'yan sanda. Kowanne yana da abin da zai kafa hujja da shi. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina lambuna da filayen shan iska da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, haka ma lasisin sayar da barasa. A ɗaya hannun kuma sashe na 297 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk filayen Abuja, kai ne kuma kake riƙe da su a madadin shugaban ƙasa. Lauyoyi za su iya kwana suna musu a kan wannan. Amarya da angon da suke son yin walima a ƙarƙashin bishiya ba su da wannan lokacin. Ofishi ɗaya suke buƙata, takarda ɗaya, biya ɗaya, sannan hukumomin su raba kuɗin a tsakaninsu yadda suka ga dama.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne a fito da ƙa'ida guda wadda za ta bambance abin da ba ya buƙatar izini da abin da yake buƙata, domin a nan ne duk rikicin yake.

Zama, yawo, motsa jiki, karatu, cin abincin da ka zo da shi daga gida, wasan yara, sallah a gefe, ɗaukar hoto da waya ko da kyamara don kanka da iyalinka: waɗannan su ne dalilin da ya sa aka yi lambu tun farko. Bai kamata a nemi izinin kowa a kansu ba, kuma ya kamata a rubuta haka ɓaro-ɓaro. Izini yana shigowa ne a lokacin da mutum zai ɗauki wani yanki na abin da yake na kowa ya keɓe wa kansa na wasu sa'o'i, ko zai kawo abin da zai dami maƙwabcin zamansa ko ya lalata wurin, ko zai ci riba. Wanda zai kafa rumfa ya jera kujeru ɗari biyu, ya tayar da janareta, ya ɗaura lasifika, ya hana wasu wannan inuwar, turakunsa za su huda ciyawa, baƙinsa za su bar ledoji. Daidai ne ya nemi takarda, ya biya, ya kuma ajiye wani abu da za a mayar masa idan ya bar wurin da tsafta. Kamfanin da zai tallata hajarsa da masu shirya fim su ma haka, kuma nasu kuɗin ya ɗara na mai walimar suna.

A New York, taron da ya haura mutum 20 a lambun gwamnati yana buƙatar takardar izini. Kuɗin neman takardar dala 25 ne, ana kuma so ka nema aƙalla kwana 21 kafin ranar. Ban kawo wannan don a kwafa ba. Mutum 20 a wurinmu ai gida ɗaya ne. Magidanci mai mata biyu, in aka haɗa da 'ya'yan 'yan uwa da suka zo hutu, ya haura wannan adadi tun kafin maƙwabta su biyo shi. Da za a tambaye ni, sai in ce a fara daga mutum 50. Kwana 21 ma ya yi mana yawa, tunda suna kwana bakwai ne bayan haihuwa, kuma ba wanda ke iya sa ranar tun da wuri. Abin koyi a tsarinsu shi ne cewa adadin da kuɗin da wa'adin duk a rubuce suke. Direban tasi da attajiri abu ɗaya za su karanta, abu ɗaya za su biya.

Saboda haka a sa wa jami'i wa'adi, kamar yadda ake sa wa mai nema. In an miƙa takarda, a ba da amsa cikin kwana biyar na aiki. In wa'adin ya cika ba a ce komai ba, a ɗauka an amince. Wannan sharaɗi kaɗai zai kashe kasuwar "dawo gobe", wadda kowa ya san me ake nufi da ita. In za a hana, a rubuta dalili, kuma dalilan da aka yarda da su su zama ƙidayayyu: wani ya riga ka neman wurin a wannan rana, ko taron ya fi ƙarfin filin, ko ana gyara. Wanda aka hana ya san ofishin da zai kai ƙara da ranar da za a saurare shi. Wanda ya riga nema shi za a ba, ko da na bayansa ɗan wane ne, kuma a ajiye jadawalin ranakun a intanet da kuma ofishin lambun yadda kowa zai gani. Biya kuma ta banki ko ta waya, kada kuɗi ya ratsa hannun kowa a bakin ƙofa.

Duk wannan ba zai amfani kowa ba in ya tsaya a cikin durowa. A kafa allo a ƙofar kowane lambu, da Turanci da Hausa da Gbagyi da Turancin buroka, ɗauke da lokacin buɗewa da rufewa, abin da yake kyauta, abin da ke buƙatar izini da farashinsa, da lambar wayar kai ƙorafi. A ƙasa a rubuta cewa duk kuɗin da ba ya kan allon nan ba wanda ya isa ya karɓa.

Akwai mutane biyu da nake so a tuna da su yayin rubuta ƙa'idar, domin su ne suka fi shan wuya. Na farko mai hoto. Yaran da ke rataye da kyamara suna bin amare da masu bikin kammala karatu sana'a suke yi, gaskiya ne, amma ba kamfanin fim ba ne. A ba su lasisin shekara mai sauƙin kuɗi da katin shaida da zai yi aiki a kowane lambun gwamnati, a huta da cinikin da ake yi da su a kowace ƙofa. Na biyu 'yar talla. Mai gyaɗa da mai rake da mai fura da nono ba za su daina zuwa inda jama'a suke ba, ko sau nawa aka kife musu faranti aka jefa kayansu a bayan mota. A ware musu kusurwa, a ba su lamba, a ɗora musu sharaɗin share wurinsu. Yaron da ya zo da naira ɗari biyu a aljihu shi ma yana da haƙƙin ya sayi wani abu, kuma gidan abincin da ke cikin lambun ba don shi aka buɗe ba.

Yanzu sai maganar da na san ta fi nauyi a kunnen hukuma, wato taron jama'a don bayyana ra'ayi. A nan kalmar izini ba ta da gurbi, kuma ba ni na faɗa ba, kotu ce. A watan Satumban 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano don nuna rashin yarda da sakamakon zaɓen shekarar. 'Yan sanda suka ce ba su ba da izini ba, suka watsa barkonon tsohuwa. Kwanaki kaɗan bayan haka Dakta Chuba Okadigbo, tsohon shugaban Majalisar Dattawa kuma mataimakin Janar Buhari a takarar, ya rasu, mutane da yawa kuma suka danganta rasuwar da hayaƙin da ya shaƙa. ANPP da wasu jam'iyyu suka garzaya kotu, Femi Falana yana lauyansu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya ta ce tilasta wa mutane neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, a watan Disamban 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Sashe na 39 da na 40 sun ba ɗan ƙasa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa da 'yancin taruwa cikin lumana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa in an sanar da su za a yi taro, aikinsu shi ne su ba da tsaro.

Duk da haka Abuja ba ta daina yin kamar ba ta ji ba. Bayan sace ɗalibai mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, masu fafutukar a dawo da su, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu, suka riƙa zama kullum a dandalin Unity Fountain. A farkon watan Yuni kwamishinan 'yan sandan Abuja na lokacin, Joseph Mbu, ya ce ya haramta taron. Washegari hedikwatar 'yan sanda ta ce babu wani haramci, kotu ma daga baya ta ce ba shi da wannan hurumi. Shekara goma bayan haka, ana jajiberin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, ofishinka ne ya je kotu ya samo umarnin taƙaita masu zanga-zangar a babban filin wasa na Moshood Abiola, can bakin gari. Na san za ka ce tsaro, na kuma san abin da ya faru a wasu garuruwa a makon. Ban raina wannan fargaba ba. Amma mai kuka yana so ne wanda yake yi wa kukan ya ji shi, kuma in duk lokacin da hankali ya tashi sai an ruga kotu da dare an nemo sabon umarni, alama ce ta cewa babu tsayayyen tsari.

Ingila ma ta taɓa fama da irin wannan rikici. A 1866 gwamnati ta kulle ƙofofin Hyde Park a Landan don hana taron masu neman a faɗaɗa 'yancin zaɓe, jama'a suka tumɓuke shingen ƙarfen suka shiga. A 1872 majalisa ta yi dokar lambuna da ta buɗe hanyar yin jawabi a wurin, har yau kuma akwai kusurwar da kowa zai iya tsayawa ran Lahadi ya faɗi abin da ke ransa, masu wa'azin Musulunci da na Kirista da 'yan gurguzu kafaɗa da kafaɗa. Abuja tana buƙatar irin wannan: wurare biyu ko uku a tsakiyar gari, a ambace su da suna a cikin ƙa'ida, inda sanarwar sa'o'i 48 ta wadatar don 'yan sanda su shirya, ƙaramin taro marar lasifika kuwa ko sanarwar ba ya buƙata. Ƙa'idar ta auna ƙarfin ƙarar lasifika da lokacin da za a kashe ta, kada ta shiga abin da ake faɗa a cikinta. Mai yabon gwamnati da mai sukarta, malami da fasto, awo ɗaya. Ka yi shekara takwas kana gwamnan adawa a Ribas, ka san ɗacin ranar da 'yan sanda suka tsaya a ƙofar wurin taron da kake da haƙƙin shiga. Kujera kuma juyawa take yi.

Sai 'yan kasuwar da ke riƙe da lambunan. An sha jin sanarwar cewa za a ƙwace, za a rushe, za a sake tantancewa. A rushe ɗaya ko biyu a gaban kyamarorin 'yan jarida, ƙura ta lafa, a ci gaba daga inda aka tsaya. Su ma masu lambunan suna da kukansu, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da bai san ko takardarsa za ta kai baɗi ba ba zai shuka maɗacin da sai bayan shekara goma zai ba da inuwa ba. Kwalabe zai jera, ya mayar da kuɗinsa kafin a zo. In ana son su shuka itace, a ba su wa'adi tabbatacce da sharuɗɗan da ba sa canzawa da canjin minista: kaso kaza na filin ya kasance ciyawa da itatuwa, gini kada ya wuce kaso kaza, shiga wurin zama kyauta ce ko mutum bai sayi komai ba, banɗaki a buɗe ga kowa, a yi hanyar keken guragu kamar yadda dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta tanada, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar ya riga ya cika. Wanda ya saɓa a rubuta masa gargaɗi, a ba shi lokaci, a ci shi tara, sannan a karɓe. Motar rusau ta zama ta ƙarshe.

Maganar barasa ba zan kauce mata ba. Abuja ta kowa ce, kuma ban zo neman a ɗora wa wani addinina ba. Abin da nake cewa shi ne mashaya sana'a ce mai lasisinta daban, a nemi lasisin da sunanta, a ba ta wurinta. Kada a karɓi fili da sunan wasan yara a mayar da shi wurin da uwa ba za ta iya shiga da 'yarta ba. Wannan ko Kirista ko Musulmi, duk mai ɗa zai yarda da shi.

A kuma buga rajistar lambunan gaba ɗaya: sunan kowanne, unguwarsa, faɗinsa, wanda aka ba, shekarar da aka ba shi, ranar da wa'adinsa zai ƙare. Hukumar AGIS tana da taswirar kowane fuloti a kwamfuta, aikin mako guda ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a ba shi amsa cikin kwana 7, amma me zai sa a jira sai an tambaya? Lambu ba ya ɓacewa rana ɗaya. Yau kwantena, gobe katanga, jibi harsashi, wata rana a wayi gari da rukunin shaguna, a ce ai tun da can ma haka taswira ta nuna. Idan rajistar tana hannun jama'a, kowane maƙwabci ya zama mai gadi. Uhuru Park na Nairobi yana nan yau ne saboda a 1989 mai fafutukar kare muhalli Wangari Maathai ta ji labarin benen mai hawa 60 da gwamnatin Daniel arap Moi ke shirin ginawa a ciki tun kafin a zuba harsashi, ta ɗaga murya, ta sha zagi a majalisa, masu ba da rancen suka janye. Da sai bayan an gama ta ji, da babu abin da za ta iya. Mu kuma a nan hasarar ba ta tsaya ga inuwa ba. Ambaliyar da ta shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ta nuna abin da ke faruwa idan aka matse wa ruwa hanya.

Ƙa'ida mai kyau ba za ta amfani wanda ba shi da lambun da zai je ba. Yawancin masu yi wa Abuja aiki, direbobi da masinjoji da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ba a Maitama ko Asokoro suke kwana ba. Suna Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe, Dutse Alhaji, Zuba, Gwagwalada, Kuje. A can filin ƙwallon makarantar firamare shi ne lambu, shi ne wurin biki, shi ne wurin taron siyasa, in ma bai riga ya zama shaguna ba. Kai ne ka gina Pleasure Park a Fatakwal, aka buɗe shi a 2017, don haka ba sai an yi maka dogon bayani kan amfanin irin wannan wuri ba. Tun watan Oktoban 2023 kuma shugaban ƙasa ya amince a cire Abuja daga asusun bai-ɗaya na Gwamnatin Tarayya, kuɗin shigarta suna hannunka. Ba irin na Fatakwal muke roƙo ba. Hekta biyu ko uku a kowane ɗaya daga waɗannan garuruwa, da itatuwan maina da mangwaro, da fitilun sola, da famfo, da banɗaki, da takardar mallaka da sunan jama'a wadda ba za a iya sauya wa manufa a ɓoye ba. Kuɗin izinin da aka tara daga bukukuwan cikin gari a ware wani kaso nasa don wannan, a kuma riƙa bayyana abin da aka tara duk shekara.

Ka fi ni sanin cewa Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka bisa sashe na 299, kuma ƙudiri yakan daɗe a can. Amma galibin abin da na lissafa umarnin ofis ne, ba sai an jira majalisa ba. A rubuta daftari, a buga shi a jaridu, a karanta shi a gidajen rediyo da harsunan da mutanen birnin ke ji, a ba jama'a kwana 30 su tofa albarkacin bakinsu. A zaman sauraron ra'ayi a gayyato masu riƙe da lambuna, da ƙungiyoyin unguwanni, da masu hoto, da 'yan talla, da shugabannin ƙananan hukumomi shida, da sarakunan Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin waɗanda a kan gonakin kakanninsu aka shimfiɗa ciyawar nan. Bayan an kammala a sa a jaridar gwamnati, sannan a aika wa majalisa ɓangaren da ya shafi hana sauya manufar filayen, don kada wani ministan ya zo ya warware da alƙalami ɗaya.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani mazaunin Abuja.